Tantance Irin Zanzaron Da Ke Kashe Ƙudan Mangwaro

Tun daga shekarar 2003, lokacin da aka fara ganin ƙudan 'ya'yan itace mai suna Bactrocera dorsalis a ƙasar Kenya, masu noman mangwaro da 'yan kasuwarsa a Afirka suke tafka asara. Ƙudan, wanda asalinsa daga Asiya ne, ya bazu zuwa Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru kaɗan, har da Nijeriya. Macen takan huda fatar mangwaro ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ruɓar da cikinsa. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sukan hana shigar duk kayan da aka samu tsutsar a ciki.

Ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙar ƙudan ita ce sakin wasu 'yan ƙananan zanzaro a gonaki. Su kan saka nasu ƙwan a cikin ƙwai ko tsutsar ƙudan, sa'an nan ɗan zanzaron ya cinye ta daga ciki. Sai dai ba kowane iri ne ke da amfani ba. Irin da ake samu a Afirka, kamar Psyttalia cosyrae, yana cin galabar ƙudan gida, amma tsutsar baƙon ƙudan takan lulluɓe ƙwansa ta kashe shi. Wannan ne ya sa cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta shigo da Fopius arisanus daga Hawai, wanda ke afka wa ƙwan ƙudan, da kuma Diachasmimorpha longicaudata mai afka wa tsutsa.

Rarrabe su aiki ne na ƙwararru, domin tsawonsu bai wuce 'yan milimita ba. Akan tara ruɓaɓɓen mangwaro a ɗora bisa yashi, a jira abin da zai fito, sa'an nan a duba jijiyoyin fukafuki, launin jiki da tsawon tsinken saka ƙwai ta na'urar ƙara girman abu. A yau akan ƙara da binciken ƙwayoyin halitta.

Ga mai zuba jari a gonar mangwaro, ma'anar a fili take. Sakin irin da bai dace ba asarar kuɗi ce, fesa magani barkatai kuma yakan hallaka zanzaron tare da ƙudan.