Daga jaɓa zuwa gogaggen ɗan kasuwa: tarihin kalmar "shrewd"

Watannin baya na karɓo gyaran babi na uku na kundin digirina daga wajen malamin da ke duba aikin. A gefen shafin da na bayyana dalilin da ya sa na ɗana tarkunan ɓeraye a rumbunan hatsi maimakon cikin gonaki, ya rubuta kalma ɗaya tak da jan biro: "shrewd". Na san kalmar, amma sai na tsaya ina tunani, yabo ne ko habaici? In ka fassara ta kai tsaye "mai wayo" za ka samu, mu kuwa idan babba ya dube ka ya ce "kai, yaron nan akwai wayo", ba lallai ne ka koma gida da murna ba. Wataƙila yabonka ya yi, wataƙila kuma gaya maka yake ya gano ka.

Yabo ne, daga baya na tabbatar. Amma shakkar da na yi tana da tushe a tarihin kalmar. Abin da ya fi ba ni dariya kuma shi ne, dabbar da ke yawan faɗawa tarkunan nan nawa ba tare da na gayyace ta ba, daga sunanta kalmar ta fito. Jaɓa nake nufi.

A Turancin yau, idan aka ce mutum "shrewd" ne, ana nufin yana saurin gane inda al'amari ya dosa, yana karantar mutane, kuma ba a cika cutarsa ba. An fi jingina ta ga ɗan kasuwa, ɗan siyasa, lauya, ko mai horar da 'yan ƙwallo da ya san lokacin da zai canja ɗan wasa. Ba ilimin littafi take nufi ba. Farfesa na iya rasa ta, tsohuwa mai sayar da daddawa ta same ta.

To, shekara 700 da suka wuce, da ka kira Bature da wannan kalma, faɗa ka nema. A wajajen shekarar 1300 ana rubuta ta "shrewed", ma'anarta kuwa mugu, la'ananne. Daga "shrew" ta fito, wadda a lokacin ake faɗa wa mutumin banza, namiji ko mace, har shi kansa Shaiɗan. Akwai ma aikatau da aka ƙera daga gare ta mai ma'anar tsine wa mutum. Ita kuma "shrew" ɗin, a tsohon Turancin da aka yi kafin 1066, "screawa" ce, sunan jaɓa. Mafi yawan masu ƙamus sun tafi a kan cewa daga dabbar ne zagin ya samo asali, duk da akwai wani giɓi mai ban mamaki: bayan tsohon Turanci, ba a sake ganin kalmar a rubuce da ma'anar dabba ba sai ƙarni na 16.

Me jaɓa ta yi wa Turawa haka? Tasu fa ba ta kai tamu girma ba, nauyinta bai cika wuce giram 12 ba. Amma manoman Ingila sun yi imani cewa cizonta dafi ne, kuma ko gudu kawai ta yi ta kan ƙafar saniya ko doki yana kwance, ƙafar za ta shanye. Wannan tsoro ya girmi Ingila. Rumawa suna kiranta "mus araneus", wato ɓera-gizo-gizo, saboda suna ganin tana harbi kamar gizo-gizo mai dafi. Daga nan Faransanci ya samo "musaraigne", kuma da Linnaeus ya zo raɗa mata sunan kimiyya a 1758, Sorex araneus ya sa mata. Ke nan camfin ya shige har cikin sunan da muke rubutawa a ɗakin gwaji yau.

Maganin da suka ƙirƙiro ya fi cutar ban tausayi. Gilbert White, wani limamin coci mai nazarin halittu, ya bayyana shi a littafinsa na tarihin halittun ƙauyen Selborne da ya fito a 1789. Za a sami wata bishiya da suke kira "ash", a huda rami a jikinta, a cusa jaɓa da ranta, a toshe. Daga ranar bishiyar ta zama ta magani: duk dabbar da ƙafarta ta sage, sai a karyo reshe a shafa mata. White ya ce akwai irin wannan bishiya kusa da cocin ƙauyensu, mutane suna girmama ta.

Yanzu ga inda masanin dabbobi zai sa baki. Manoman ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Jaɓa na cikin 'yan tsirarun dabbobi masu shayarwa da wasu nau'o'insu ke da dafi a miyau. A 1942 Oliver Pearson ya nuna haka a jaɓar Arewacin Amurka mai gajeriyar wutsiya, kuma jaɓar ruwa ta Turai, wadda ake samu a Ingila, ita ma tana da shi. Sai dai dafin na kashe jikin tsutsa ne, da ƙwaro, da ɗan kwaɗo, don ta samu ta cinye ko ta ajiye. Saniya ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Masifar da ake gani a halinta kuma yunwa ce. Jikinta ƙarami ne, zafi na saurin fita daga gare shi, don haka dole ta ci abinci kusan nauyin jikinta kullum, in ta yi 'yan sa'o'i ba ta ci ba sai ta mutu. Ga tsiwa, ga faɗa da 'yan uwanta, ga warin da ke sa kyanwa ta kashe ta amma ta ƙi ci. (Wannan warin kam ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba.) Ba ma ɓera ba ce, ta fi kusa da bushiya a dangantaka.

Yaya aka yi la'ananne ya koma abin yabo? A hankali, ta hanyar kaifi. Daga mugun mutum, kalmar ta koma kan duk abin da ke cutarwa: mugun duka, mugun rauni, iska mai sanyin da ke ratsa ƙashi, kamar yadda Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan Hamlet. Abin da ke ratsawa kuwa kaifi gare shi. Tun farkon ƙarni na 16 aka fara faɗar ta ga mutum mai makirci, wanda hankalinsa ke yanka kamar aska. Sannu a hankali muguntar ta dinga zubewa, kaifin ya rage. A ganina ba abin mamaki ba ne wannan ya faru a daidai ƙarnonin da ciniki ke bunƙasa a Landan. Mutumin da kake tsoro idan yana ɗaya ɓangaren ciniki, shi kake so ya tsaya maka idan kuɗinka ne a ciki.

Abin lura, wasu kalmomin hanyar suka bi a juye. "Cunning" da farko masani take nufi, "crafty" kuma gwani a sana'a, yau duka biyun sun karkata zuwa ha'inci.

Ita kuwa uwar kalmar, "shrew", ba ta samu wannan gata ba. Da ana zagin kowa da ita, sai aka daina faɗa wa maza, aka bar wa mata: mace mai baki, mafaɗaciya. Wasan Shakespeare na farkon shekarun 1590, The Taming of the Shrew, a kan yadda miji ya lanƙwasa irin wannan mace yake. Tushe ɗaya, hali ɗaya na ƙin yarda a taka ka, amma reshe ɗaya ya zama kirarin attajiri, ɗayan ya zama gorin matar aure. Har yau haka abin yake a ƙamus.

Mu ma muna yin irin wannan juyi, kuma a gaban idonmu. "Shege" zagi ne mai nauyi, amma a gidan kallon ƙwallo za ka ji an ce "shegen yaro, ya iya yanka!", kuma ba wanda zai ɗauka zagi ne. "Mugu" ya zama kalmar ƙarfafawa, shi ya sa ake cewa abu ya yi mugun kyau. "Shu'umi" daga Larabci yake, tushensa rashin sa'a da mugun alkaba'i, amma matasa na faɗa wa abokin da ya fi kowa dabara, suna dariya. "Hatsabibi" ma haka. Bambancin kawai shi ne namu har yanzu suna tsakiyar hanya, sai ka duba fuskar mai magana kafin ka san abin da yake nufi.

Don haka idan fassara ta kama ka, "mai wayo" ba kullum take wadatarwa ba. Ga ɗan kasuwa ni "gogagge" ko "mai buɗaɗɗen ido" nake zaɓa. Ga shawara ko mataki, "dabara" ko "hangen nesa". Inda marubucin ke yabo yana kuma ɗan ja da baya, kamar yadda jaridu ke yi wa 'yan siyasa, nan ne "wayo" ke zama daidai, don ita ma fuska biyu gare ta.

Ita jaɓar Turai, dabararta ta rayuwa sai a 1949 wani masani ɗan Foland, August Dehnel, ya lura da ita. Idan hunturu ya gabato kuma abinci zai yi wuya, ƙoƙon kanta raguwa yake yi, wani lokaci har kusan kashi 20 cikin 100, ƙwaƙwalwar ma ta ragu tare da shi, saboda ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai cin kuzari da yawa. Da ɗumi ya dawo sai su sake girma, ko da yake ba sa komawa daidai yadda suke a da.