Farautar Aladen Daji da Karnuka a Ƙasashen Turai

Daga cikin namun dajin da sarakunan Turai suka yi alfahari da farautarsu tun zamanin dā, da wuya a sami wanda ya kai aladen daji haɗari, domin kuwa barewa da ire-irenta in sun ji haushin karnuka galibi gudu suke yi, alhali shi, da zarar gudu ya ishe shi, sai ya nemi sarƙaƙiya ko gindin itace ya ba shi baya, ya juyo ya fuskanci duk wanda ya biyo sawunsa. Ɗan'uwan gadun dajinmu ne, sai dai ya fi shi girma da yawan gashi; namiji a Faransa ko Jamus yakan kai kilo 100, a gabashin Rasha kuwa akan sami wanda ya haura 200.

Makaminsa haure ne. Na ƙasa suna gogar na sama duk sa'ad da ya buɗe baki ya rufe, saboda haka kullum a wase suke, kuma da su yake sara daga ƙasa zuwa sama, ya farke cikin kare ko cinyar mutum. Tsohon namiji kuma yana da fata mai kauri ƙwarai a kafaɗu, wadda ke kare shi in ana faɗa a lokacin barbara, ita ce kuma takan hana mashi shiga.

Wannan ɗabi'a ta tsayawa a yi faɗa ita ta tilasta wa mafarauta raba karnukansu gida biyu, kuma a ganina nan ne hikimar sana'ar duka take. Na farko masu ƙarfin shinshina ne, marasa nauyi, waɗanda aikinsu shi ne su bi sawu, su tashe shi, su kewaye shi da haushi ba tare da sun kusance shi ba, har mafarauci ya gane wurin daga muryarsu. Sa'an nan a saki na biyu, ƙarfafa masu faɗin muƙamuƙi, su cafke shi a kunne ko kunci, su riƙe kam, ko da kuwa yana jan su a ƙasa. A sa'ar nan mutum yake matsowa da mashi, wanda aka gitta wa ƙarfe a bayan tsininsa, don an ga sau da yawa aladen da aka soka yana bin sandar mashin da jikinsa har ya cim ma mai sukar. Gaston Febus, sarkin Foix a kudancin Faransa, ya yi bayanin farautar alade a littafinsa na farauta da ya fara rubutawa a 1387.

Bindiga ta sauƙaƙa wa mutum lamarin, amma ba ta sauƙaƙa wa kare ba. A Sifen har yanzu ana jera maharba kewaye da tudu a saki garken karnuka su koro naman, a Ajantina kuwa wani likita, Antonio Nores Martínez, ya fara haɗa irin farin karen nan mai suna Dogo Argentino a 1928, musamman don kamun alade da manyan namun daji. Yanzu akan sa wa karnuka riga mai tauri da ke rufe ƙirji da wuya, da na'ura a wuya mai nuna inda suke, duk da haka mai karnuka ba ya rabuwa da allura da zare na ɗinkin rauni.

A Musulunci kuwa, malamai sun halatta farauta da kare horarre bisa nassin Suratul Ma'ida, amma naman alade haramun ne ko ta yaya aka kashe shi, don haka manoman Turkiyya da Maroko sukan kashe shi ne domin ɓarnar da yake yi wa gonakinsu cikin dare.