Ƙarin mahaifa: Magani ko tiyata, zaɓin da ke gaban matan Yamai

A unguwar Maourey da ke tsakiyar birnin Yamai, kamar sauran unguwanni, akwai matan da kan shafe shekaru suna fama da yawan zubar jinin al'ada, ciwon mara da kumburin ciki, kafin hoton eko ya nuna ƙari a mahaifa, wanda likitoci ke kira fibrom.

Ƙarin ba kansa ba ne, amma ya fi addabar baƙaƙen fata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙaƙe kan samu ƙarin kafin su cika shekara 50.

Abu uku likita ke dubawa: shekarun mace, ko tana son haihuwa nan gaba, da girman ƙarin da inda ya tsira.

Idan zubar jini ce babbar matsalar, akwai ƙwayoyin rage jinin, da robar mahaifa mai sinadarin homon, da maganin ƙarin jini. Akwai kuma allurar da ke sa ƙarin ya motse, amma yakan sake girma idan aka daina.

A ɓangaren tiyata, hanya biyu ce. Ko a cire ƙarin a bar mahaifa, wanda ya fi dacewa da mai neman haihuwa duk da yana iya sake tsirowa, ko a cire mahaifar baki ɗaya, ciwon ya ƙare, haihuwa ma ta ƙare. A Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazoby ne babbar cibiyar da ake tura masu irin wannan lalura.

Waɗanda ke zaune a Turai na iya samun wata hanyar, wato toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini, dabarar da likitocin Faransa suka bayyana a 1995.

Macen da ta kusa daina al'ada kuwa tana iya jira ƙarƙashin kulawar likita, domin ƙarin kan motse bayan haka.

Tsoron rasa mahaifa ke sa wasu komawa ga jiƙe-jiƙe da saiwoyi. Sai dai duk lokacin da ƙarin ya girma, jinin jiki ya yi ƙasa, aikin ceto mahaifar na ƙara wuya. Don haka ƴan'uwan da ke aiko da kuɗi daga waje su fara biyan na eko da gwajin jini.