Malami Yana Gari, Ɗalibi Yana Daji

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san ciwon karatun manya a ƙasar Dakoro. Ana buɗe aji da rani. Da ruwa ya sauka, manomi ya koma gona, makiyayi ya bi dabbobinsa arewa, wajen Bermo da Gadabeji, wasu har Ingal. Kafin a sake haɗuwa, baƙaƙen da aka sha wuya a kansu sun tsere daga kai.

Yanzu ana maganar koyarwa daga nesa ta intanet. Ma'anarta ita ce malami yana zaune a gari, ɗalibi yana rugga ko gona, darasi ya iske shi cikin wayar salula. Malami ya ɗauki hoton allo, ya ƙara da muryarsa, ya aika ta WhatsApp. Ɗalibi ya rubuta, ya ɗauki hoton takardarsa ya mayar, a gyara masa.

Abin ba baƙo ba ne a Nijar. A 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo, inda mutane ke taruwa su saurari shiri su tattauna. A 1964 aka fara koyar da yaran lakwal ta telebijin daga Yamai, da taimakon Faransa. Amma ku lura, ba a bar yaran da akwatin kaɗai ba. Kowane aji da mai kula da shi, kuma yawancin masu kulawar karatun firamare suka yi, aka ba su ɗan horo. Telebijin ya yi bayani, mai kula ya duba ko an gane.

Ga kuma abin da ya fi kusa da mu. A 2009 ƙungiyar CRS ta gwada wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan manya an ba su salula, mutum biyar waya ɗaya, aka koya musu neman baƙaƙe da rubuta saƙo. Wasu ba a ba su ba. Da aka yi jarrabawa, masu waya suka fi a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake. Wanda ke rubuta wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, ko yake tambayar kuɗin gero a kasuwa, kullum yana bitar karatunsa. A 2014 aka sake wani gwaji a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram. Kowane mako ana kiran malami da maigari da ɗalibai biyu, a tambaye su ko an yi aji. Wannan kiran kawai ya sa karatu ya ƙaru. Duk ƙananan wayoyi ne aka yi aiki da su, ba intanet.

Shi ya sa nake ganin kada mu jira babbar waya. Tana da tsada, tana shan wuta, kuma a daji wani lokaci sai mutum ya hau tudu kafin ya samu rezo. Mata da yawa ma ba su da tasu. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, ɗan birni mai babbar waya yana iya samun darasi, namu yaran ƙauye kuwa zama suka yi har aka buɗe a watan Yuni.

Sannan wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, waya ba ta kama masa hannu. Farkon karatu sai a kan tabarma, gaba da gaba. Aikin waya shi ne ta riƙe abin da aka riga aka samu.

To, kafin a rufe aji bana, kowane ɗalibi ya karɓi lambar malaminsa. Rugga ko unguwa ta zaɓi mutum ɗaya da ya fi iyawa, shi zai tara sauran ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, a karanta saƙon malami tare, kowa ya rubuta amsa da hannunsa. Ƙananan wayoyi ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In kun ga "kasa" a saƙo, ku duba maganar da ke kewaye da ita, don ku gane ko ƙasa ake nufi ko kasa.