Kalmar "Kulle" da Cefanen Kanawa a Shekarar 2020

A ran 16 ga Afrilu 2020 Gwamnatin Jihar Kano ta hana fita saboda annobar korona, ran 27 ga wata kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu. Jama'a ba su nemi baƙuwar kalma ba. Suka ce "dokar kulle", watau suka ɗauko sunan zaman matan aure a gida suka sa wa gari duka. Kada a rikita ta da "ƙulle" mai lanƙwasa, wadda ta shafi igiya da bakin zane.

Aron ya dace ta fuska ɗaya, ya kuskure ta wata. Kullen aure ba ya tsayuwa sai da mai fita. Maigida ne ke zuwa kasuwa ya yiwo cefane, yara kuwa su ɗauki tallan ƙosai ko ƙuli-ƙuli su komo wa uwa da ciniki. Matar tana ciki, amma hannunta na waje. Dokar 2020 ta kulle maigida da ɗan talla tare da ita, gida ya rasa ƙafa.

A nan ne asalin wahalar take. Hatsi bai ƙare a Dawanau ba. Amma talakan birni ba ya ajiyar abincin wata, awo yake yi da kwano, da kuɗin da ya samu ran nan, abin da ake kira hannu baka hannu ƙwarya. Ɗan dako da mai a-daidaita-sahu da mai shayi, in sun wuni a gida sun wuni ba ko kwabo. Ga shi azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, lokacin da bukatar sukari da gero ke ƙaruwa, farashi kuwa ya hau.

Da ƙorafi ya yi yawa, a farkon Mayu aka buɗe ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka yarje wa kasuwannin 'Yankaba da 'Yanlemo. Sayayyar mako guda ta taru cikin sa'o'i 12, mutanen da aka umarta su ba da tazara suka cunkushe kafaɗa da kafaɗa. Masu kiran wannan taurin kai sun manta da lissafi.

Kalma ta biyu ita ma tana da nata nauyi. Ƙyallen rufe baki da hanci aka kira "takunkumi", alhali a da abin da ake ɗaura wa jaki ko maraƙi ne don kada ya ci ko ya sha nono, daga baya 'yan jarida suka ara wa hukuncin hana ƙasa ciniki. Abu mai irin wannan suna da wuya mutum ya sa shi da daɗin rai, da yawa kuwa a haɓa suke rataye shi sai sun hango shingen 'yan sanda.