Guntayen Katako Na Iya Zama Jari Ga Kafintocin Lafiya

LAFIYA — A yawancin rumfunan kafintoci na birnin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, guntayen katakon da suka rage bayan an gama haɗa gado ko ƙofa ba su da wata makoma illa murhun mai shayi ko na mai tuyar ƙosai. Alhali kuwa a ƙasashen Turai da Amurka irin waɗannan guntaye ne ke ɗauke da wata sana'a sukutum, wadda ta faro a matsayin abin ɗebe kewa a cikin gidaje, ta kuma rikiɗe ta zama kasuwa mai kawo kuɗi. Ginshiƙin wannan sana'a shi ne wani ƙaramin inji da za a iya kira zarton zayyana.

Injin ya yi kama da keken ɗinki, a siffa da kuma yadda yake aiki. A maimakon allura, yana da siririn ruwan zarto mai tsawon inci 5, wanda ake ɗaurewa sama da ƙasa, yana hawa yana sauka daga sau 400 zuwa fiye da sau 1,500 a cikin minti guda. Mai aiki yakan manna takardar zane a kan katako, ya riƙa juya katakon da hannu biyu yana bin layin zanen, kamar yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allura. Abin da ya bambanta shi da sauran zartuna shi ne ana iya huda katako, a kwance ruwan zarton a zura shi ta cikin hudar, a sake ɗaurewa, sannan a yanke tsakiyar katakon ba tare da an taɓa gefensa ba. Ta haka ake fitar da haruffa, da furanni, da dagi, da sauran zane mai sarƙaƙiya. Kaurin katakon da yake iya ci bai cika wuce inci 2 ba.

Daga Ɗebe Kewa Zuwa Kasuwa

Wannan aiki yana da dogon tarihi. A shekarun 1760 wani mai zana taswira a birnin Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan fallen katako ya yayyanka ta bisa iyakokin ƙasashe domin yara su riƙa harhaɗawa suna koyon labarin ƙasa. A ƙarni na 19 yankan zayyana ya zama ruwan dare a gidajen Ingila da Amurka, inda ake amfani da zarton hannu ko wanda ake tuƙawa da ƙafa. Kamfanin Hobbies da ke garin Dereham a Ingila ya soma buga mujallar mako-mako a 1895, wadda ke raba wa masu karatu zanen da za su yanka, yana kuma sayar masu da zarto da katako. Mujallar ta yi kusan shekara 70 tana fitowa.

Bayan sana'ar ta yi sanyi na wani lokaci, sai ta farfaɗo a shekarun 1970 sakamakon sabon samfurin inji mai lantarki da kamfanin Hegner na Jamus ya fito da shi, kana littattafan zane da wani malamin aikin katako ɗan Amurka, Patrick Spielman, ya wallafa a shekarun 1980 suka ƙara mata farin jini. Tsofaffin ma'aikata da matan gida da ɗalibai suka kafa ƙungiyoyi, suna musayar zane da dabarun aiki, suna gaya wa juna wane ruwan zarto ne ya dace da wane katako. Da yawa daga cikinsu sun fara ne da yi wa jikoki kayan wasa, amma suka ƙare suna sayarwa a bukukuwan baje koli, daga baya kuma a kasuwar intanet ta Etsy da aka kafa a 2005.

Misalin da ya fi dacewa da masu tsara tattalin arziki shi ne na ƙauyen Seiffen da ke tsaunukan gabashin Jamus. Mutanen ƙauyen mahaƙan kuza ne tun asali. Da kuzar ta ja baya a ƙarni na 18 da na 19, sai suka koma sassaƙa kayan wasa da na ado da katako. Mazauna ƙauyen ba su kai 3,000 ba, amma kayansu na shiga kasuwannin duniya, masu yawon buɗe ido kuma na tururuwa zuwa can a ƙarshen kowace shekara. Jihar Nasarawa, wadda ke kiran kanta gidan ma'adinai, tana da darasin da za ta ɗauka a nan.

Kasuwar Da Ke Ƙofar Gida

Aikin itace ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa masassaƙa ke fafe turmi da akushi da kujerar mata da allo da gizago, kuma sun san cewa ƙirya ce ta turmi saboda taurinta. Kafinta mai zarto da ƙusa ya zo ne daga baya, amma shi ne ya gaji babbar kasuwar kayan ɗakin amarya, watau gado da wadirob da madubi da kujeru, waɗanda uba ke ɗaukar nauyinsu a al'adar Hausawa. A wannan kasuwa ado shi ne ke yanke farashi. Gadaje biyu na iya cin katako iri ɗaya da ƙusa iri ɗaya, amma wanda fuskarsa ta sha zane ya fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba.

Idan ba a manta ba, Lafiya ta zama babban birnin jiha ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Nasarawa daga Jihar Filato. Tun daga sannan garin ya cika da ma'aikatu da ofisoshi da otal-otal, ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta zo a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejin aikin gona. Kowace daga cikinsu tana bukatar allon suna na ƙofa da na tebur, da allon karramawa da ake miƙa wa manyan baƙi, da tsarabar taro. Makarantun reno da na firamare masu zaman kansu na bukatar haruffa da lambobi na katako, na boko da na Larabci. Masallatai da makarantun Islamiyya na bukatar abin ɗora Alƙur'ani da rubutun ado na bango. Duk waɗannan kaya ne da zarton zayyana ke yi daga katakon da bai wuce tafin hannu biyu ba.

Bugu da ƙari, hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi da aka mayar tagwaye ta kusanto da garin ga Abuja, inda kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo take a bakin hanyar Keffi. Kayan zayyana ba su da nauyi, ba su cin wuri. Kwali guda da za a ba direban motar haya na iya ɗaukar aikin mako biyu, saɓanin gado ko kujera da sai an yi hayar akori-kura.

Darasin Madobiya

Batun ya wuce na kafintoci kawai, ya shafi yadda ƙasar nan ke sayar da dukiyarta. A tsakiyar shekarun 2010 'yan kasuwa sun yi wa itacen madobiya rubdugu a dazuzzukan tsakiyar Nijeriya, musamman a Jihar Taraba mai maƙwabtaka da Nasarawa, ana loda gungume zuwa ƙasar Sin inda ake ƙera kayan ɗaki masu tsadar gaske da shi. Wani rahoto da ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta fitar a 2017 ya ce gungume fiye da miliyan 1.4, waɗanda kuɗinsu ya kai Dala miliyan 300, sun shiga kasuwar Sin da takardun izinin da aka bayar bayan kayan sun riga sun bar ƙasar nan. A watan Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta ƙara tsaurara sa ido kan cinikin madobiya, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya.

Abin da ya rage wa ƙauyukan da aka sare itatuwansu shi ne kututture. Ribar sarrafawa, wadda ita ce mafi tsoka, ta tafi ga masana'antun waje. Sana'ar zayyana kuwa akasin haka take tafiya: katako kaɗan, aikin hannu mai yawa, kusan dukan kuɗin abin da aka sayar ladan gwaninta ne da ke zama a gida. Haka zalika ba ta dogara ga manyan itatuwan daji irin su maɗaci da kawo ba. Guntayen malaina da na tik, waɗanda ake shukawa a gandun daji irin na Nimbiya da ke kudancin Jihar Kaduna, sun wadatar, haka ma ragowar filaiwud.

Lissafin Wuta Da Na Canji

Ta fuskar lantarki, injin ba shi da ci. Yawancin samfuransa ba su wuce wat 100 zuwa 150 ba. Inji mai wat 120 da ya yi aikin awa 5 zai sha kashi 6 cikin 10 na yunit guda ne kacal. Ko da a farashin Naira 225 kan kowane yunit da aka yanka wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin wutar wunin bai wuce Naira 135 ba. Ƙaramin faifan sola da batir ma na iya tafiyar da shi, abin da ba zai yiwu ga injin tsaga katako ko na goge shi ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa tayar da janareto ya zama nauyi ga masu ƙananan sana'o'i. Ita kanta Lafiya, wadda ta daɗe tana fama da raunin wuta, ta sami babbar tashar rarraba lantarki a Akurba da aka ƙaddamar a 2022.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen canjin kuɗi. Injin da ruwan zartonsa duk daga waje ake shigo da su, kuma ruwan zarto abu ne da ke dakushewa ko ya karye a kai a kai, don haka ake sayar da shi dozin-dozin. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Duk wanda ya sayi inji bai tanadi hanyar samun ruwan zarto ba, ya sayi doki ne babu linzami. A ɗaya ɓangaren kuma, Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kayan ɗaki da ƙofofin katako da filaiwud samun kuɗin waje a kasuwar hukuma a watan Yunin 2015, amma ya janye hanin a watan Oktoban 2023. Ke nan kafintan gida ba zai jingina da kariyar gwamnati ba, sai dai da ingancin aikinsa.

Akwai kuma gasar na'urorin zamani. Injin yanka da hasken lesa da injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta sun shiga manyan biranen ƙasar nan, suna iya fitar da abu ɗari iri ɗaya cikin ɗan lokaci. Mai zarton zayyana ba zai ja da su a kan yawa ba. Sai dai jarinsu ya ninka nasa sau da dama, suna bukatar tsayayyar wuta da ƙwararren mai gyara, ƙananan injunan lesa kuma ba sa iya cin katako mai kauri, sukan kuma bar gefen yanka da baƙin ƙuna. Gurbin mai zarto shi ne aikin ɗai-ɗai da ake yi bisa oda, kamar sunan amarya a fuskar gado ko tambarin sarauta.

Sauran matsalolin biyu na cikin gida ne. Ta farko ita ce ɗanyen katako: abin da aka yanka da damina daga katakon da bai bushe ba yakan tanƙware ko ya tsage da zarar hunturu ya kama, siraran zane kuwa su ne farkon karyewa. Ta biyu ita ce ƙura. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, saboda haka takunkumin hanci da rumfa mai iska wajibi ne.

Abin Da Ya Rage

Babban abin koyi daga masu wannan sana'a a ƙasashen waje ya fi ƙarfin inji. Sun bunƙasa ne saboda ba su ɓoye wa juna zane da dabara, kuma yawansu ne ya sa 'yan kasuwa suka ga riba a kawo masu kayan aiki. A nan gida kuwa an saba maigida ya riƙe sirrin sana'a, yaro ya shekara yana goga samfefa kafin a bar shi ya riƙe zarto. Ƙungiyoyin kafintoci na iya sauya wannan ta hanyar sayen inji ɗaya ko biyu na haɗin gwiwa, da yin odar ruwan zarto a dunƙule, da tara kundin zanen gida, tun daga dagin Arewa zuwa zanen ƙwarya da na tabarma da na saƙar kabilun jihar, wanda babu wata masana'antar waje da ta fi su saninsa.

Hukumomin da aka kafa domin irin wannan aiki suna nan: Asusun Horar da Ma'aikata na ITF tun 1971, Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta NDE tun 1986, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i tun 2003. Tunda aikin na zaune ne, ba ya bukatar ƙarfin ƙirji, ya dace da matan aure a cikin gida da masu lalurar ƙafa, waɗanda shirye-shiryen koyar da sana'a suka saba tura su ɗinki da saƙa kawai. Ga masu shigo da kaya kuma, wanda ya fara ajiye injin da ruwan zartonsa a shago a Lafiya, ya kuma nuna wa kafintoci yadda ake aiki da shi, shi ne zai riƙe cinikin Akwanga da Doma da Keffi, domin mai inji zai riƙa dawowa sayen ruwan zarto muddin injin na aiki.