Jemage Mai Dogon Hanci

A tatsuniya, da tsuntsaye suka zo karɓar haraji sai jemage ya washe musu haƙora ya ce shi dabba ne. Da dabbobi suka zo kuma ya buɗe musu fukafukai. Kuɗinsa ya tsira, amma ya rasa dangi, shi ya sa ranar da aka far masa babu mai cewa uffan.

Abin da ya samu ɗan jemagen nan mai dogon hanci na ƙasar Meziko ke nan. Nauyinsa bai kai rabin ƙwan kaza ba, abincinsa kuwa ruwan zaƙin fure. Da dare yakan cusa kai cikin furen agabe, ya lashe da dogon harshensa, ya fito fuska duk garin fure rawaya kamar wanda ya yi wawason nakiya, ya kai wa wani furen. Da haka tsiron ke yin iri. Ba baƙon aiki ba ne a wurinmu: 'yan uwansa ne ke yi wa kuka da ɗorawa wannan hidima, duk da ba mai tuna su in an zauna gaban tuwo. Kowace shekara matan kan tashi da cikinsu, su bi furanni arewa har Arizona ta Amurka, su haifi ɗa ɗaya tak a kogo.

To amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. A Meziko akwai wani jemagen mai shan jinin shanu, yana sa musu ciwon haukan kare. Makiyaya suka riƙa cinna wa koguna wuta, ba ruwansu da wane ne a ciki. Masu noman agabe don barasar tekila su ma suna sare shi kafin ya yi fure. A 1988, da Amurka ta sa jemage mai dogon hanci cikin jerin halittu masu shirin ƙarewa, waɗanda aka sani ba su kai 1,000 ba.

Masana irin su Rodrigo Medellín suka shiga ƙauyuka suna nuna wa mutane bambancin jemagun biyu, aka sa wa bakin koguna ƙyauren ƙarfe mai ratar da jemage zai wuce, wasu manoma suka yarda su bar kashi 5 cikin 100 na gonarsu ya yi fure. A 2018 an ƙiyasta su kusan 200,000 a makwanci 75, Amurka ta cire sunansa daga jerin, jemage na farko da ya fita don ya farfaɗo.